Igiyar sama, ƙusa ko kayan tsaga: wanne ya kamata mai hawan dutse da ke tsoron faɗowa ya bi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin duwatsun Shafa, can bayan Ɗa'if, ranar Juma'a ko Asabar, ya san wannan yanayin. Mutum ya wuce ƙusa, wato ƙarfen da aka dasa a jikin dutse don maƙala igiya, da taku biyu, sai ƙafarsa ta fara rawa kamar keken ɗinki, hannu ya damƙe dutse har jijiya ta fito, ido na ƙasa, yana ta cewa mai riƙon igiya: "Ɗan'uwa, ka riƙe fa, ka riƙe!" A gida, a Makka ko Jidda, wannan mutumin zai rantse maka cewa ya yarda da kayansa. Bakinsa ya yarda, jikinsa ne bai yarda ba tukuna.

Tun da aka kafa hukumar hawan dutse ta Saudiyya aka kuma fara dasa ƙusoshi a Shafa da Tanuma a 2018, matasanmu da ke zaune a ƙasar suna ta shiga harkar, ɗalibai da ma'aikata da waɗanda aka haifa a nan. Tambayar da ta fi yawa bayan wata biyu ko uku ita ce ina za a sa gaba: a zauna a kan igiyar sama, a fara jan gaba a kan ƙusoshi, ko a sayi kayan da mutum ke cusawa a tsaga da hannunsa? Ukun duka igiya ɗaya ce, ɗamarar da mai hawa ke sawa a ƙugu ɗaya ce, amma abin da ake dogara da shi ya sha bamban.

Mu fara da ƙarfin kayan, don a cire shi daga lissafi. Ana auna shi da kilonyutan, kuma kilonyutan ɗaya ya kai nauyin kilo 100 da 'yan kai. Karabina, wato ƙugiyar nan mai ƙofa, ba a ba ta shaidar inganci sai ta ɗauki aƙalla kilonyutan 20 ta tsayinta idan ƙofar na rufe. Zaka ga lambar a jikinta, yawanci 22 zuwa 25. Ɗinkakkiyar majanya, wato madaurin lailon da aka ɗinke bakinsa biyu ya zama zobe, 22 ce. Madaukin gaban ɗamara 15. Ƙusar da ta cika ƙa'idar Turai tana ɗaukar 25 idan an ja ta ƙasa. Igiyar hawa kuwa, kafin a sayar da irinta sai an jefa nauyin kilo 80 a kanta aƙalla sau biyar a jere, irin jifar da ba kasafai ɗan Adam ke gamuwa da ita ba, kuma bugun farko kada ya wuce 12. Faɗuwar yau da kullum tana sa wa jikin mai hawa tsakanin 2 zuwa 5 ne kawai. Abin da ke sama, ƙusa ko wani ƙarfe, yana ɗaukar wannan da ƙarin kamar kashi biyu bisa uku, domin igiya na jansa ta ɓangaren mai faɗowa da ta ɓangaren mai riƙo.

To ina matsalar take shigowa? A juya karabina ta kwanta a gicciye, ko ƙofarta ta buɗe saboda ta gogi dutse, ƙarfin ya sauko zuwa wajen 7. Igiya ba ta tsinkewa haka kawai, sai dai kaifin dutse ya yanke ta ko ruwan batir ya ci ta ta ciki ba tare da an ga alama ba. Sauran kuma aikin hannu ne. Lynn Hill, ɗaya daga cikin gwanayen duniya, ta faɗo sama da mita 20 a Faransa a 1989 saboda ba ta ƙarasa ƙullin da ke ɗamararta ba; Allah ya yi da sauran kwananta. Todd Skinner ya rasu a Amurka a 2006 lokacin da madaukin ɗamararsa, wanda ya riga ya cinye, ya tsinke. Saboda haka ma'aunin da za mu yi amfani da shi a nan shi ne: a kowace hanya, abu nawa ne ya rataya a kan idonka da hannunka?

Igiyar sama

Igiya ta haura zuwa turken da ke ƙolin hanya, ta dawo ƙasa wurin mai riƙo. In ka saki dutse, zama kawai za ka yi a ɗamara. Abubuwan dubawa kaɗan ne: ƙullin takwas ya bi ta wurare biyu na ɗamara, da wutsiya da ba ta gaza santimita 10 ba, igiya ta shiga birki daidai, wato na'urar da mai riƙo ke tsayar da igiya da ita, karabinar mai riƙo a kulle, turke a kan ƙusa biyu, igiya ta bi ta karabina biyu da ƙofofinsu ke kallon saɓanin juna. Kada igiya ta taɓa bi ta cikin majanya kai tsaye. Lailon a kan lailon, da nauyin mutum, narkewa yake cikin 'yan daƙiƙu.

Akwai tarkon da mutane ke rainawa. Igiyar hawa tana miƙewa, an yi ta ne don haka. Ƙa'ida ta yarda ta ƙaru har kashi 10 cikin 100 idan mutum mai kilo 80 ya rataya. A hanya mai mita 25, igiyar da ke waje ta kusa mita 50. Wanda ya zame a mita biyun farko zai iya taɓa ƙasa ko da mai riƙo bai yi sakaci ba. Shi ya sa a farkon hanya ake jan igiya tam, har mai riƙo ya ɗan zauna a kanta. Haka kuma in hanya ta karkace daga ƙarƙashin turke, faɗuwa lilo za ta zama, mutum ya je ya bugi gefe.

Amfaninta ga mai tsoro shi ne a nan ake koyon yarda da ɗamara da ƙulli da abokin riƙo. Illarta kuma tana da daɗin zama. Mutum ya shekara a kanta, ƙarfi ya zo, ƙafa ta gane dutse, amma bai taɓa jin iska na wuce kunnensa ba. Ranar da ya ja gaba sai tsoron ya zo masa sabo fil, ga shi kuma yanzu yana jin kunyar komawa hanya mai sauƙi. A ganinmu fita goma zuwa goma sha biyar ta isa, daga nan a fara haɗawa da jan gaba.

Jan gaba a kan ƙusoshi

Nan ne tsoron yake da gida, nan ne kuma maganinsa yake. Kana hawa kana jan igiya a bayanka, duk ƙusar da ka iso ka maƙala tagwayen ƙugiya, wato karabina biyu da gajeriyar majanya ta haɗa, ka sa igiya a ta ƙasa. Kayan da ake buƙata: igiya mai kaurin milimita 9.5 zuwa 9.8, tsawon mita 70 ya fi 60 kwanciyar hankali, tagwayen ƙugiya 12 zuwa 14, hular kwano, birki, da majanya ko biyu don aikin turke.

Lissafin faɗuwa ba wuya. In kana mita ɗaya da rabi sama da ƙusa, mita uku ke nan. Ƙara rarar igiyar da ke tsakani, ƙara miƙewa, ƙara ɗagawar da mai riƙo zai yi, sai ka ga ka sauko mita huɗu da rabi ko biyar. Wanda bai san wannan lissafin ba yakan ɗauka mai riƙo ne ya sake shi, daga nan yarda ta lalace. Zafin bugun kuma bai dogara da nisan faɗuwa kaɗai ba. Ana raba nisan da tsawon igiyar da ke waje: mita 4 a kan igiya mita 20 ya ba da 0.2, laushi kamar katifa. Mita 2 a kan igiya mita 4 ya ba da 0.5, wannan za ka ji shi a ƙugu. Ma'ana can sama, inda ido ya fi jin tsoro, nan ne faɗuwa ta fi daɗi, muddin bango a miƙe yake ko ya rinjayo. Ƙasa-ƙasa, inda zuciya ke kwance, nan haɗarin yake.

Ga misali a kusa. Ƙusa ta farko tana mita 3, ta biyu tana mita 4.5. Mai tsoro ya tsaya ƙugunsa na mita 3.8, ya ja igiya, ya cije ta da haƙori, ya ƙara ja, ya miƙa hannu sama don ya maƙala da wuri. Igiyar da ta wuce ƙusar farko yanzu mita 1.5 ce zuwa sama da kusan 0.7 ta dawowa ƙugunsa, jimla 2.2. In hannu ya zame a wannan lokacin, ƙugunsa zai tsaya santimita 80 daga ƙasa tun kafin igiya ta miƙe, kuma ƙafar mutum ta fi haka tsawo. Ya sha ƙasa. Da ya ƙara taku biyu ya maƙala daidai ƙugu, igiyar mita 1.5 ce kawai. Tsoro ne ke cewa a maƙala daga nesa, lissafi kuma ya ce a nemi mariƙa mai kyau a maƙala tsakanin ƙirji da ƙugu. Inda ƙusar farko ta yi nisa ko gindin ya cika duwatsu, a yi amfani da sandar maƙalawa daga ƙasa. Babu abin kunya a ciki.

Kurakuran hannu uku ne ke maimaituwa. Maƙalawa a baibai: igiya ta kamata ta fito daga ɓangaren dutse ta ratsa karabina zuwa wurinka, in aka juya, tana iya kwantawa a kan ƙofa ta buɗe ta lokacin faɗuwa. Ɗauko igiya daga ƙarƙashin ƙusar baya, wanda ke faruwa inda ƙusoshi suka matsu, sai igiya ta yi zigizag ta ƙi tafiya, ƙusar saman kuma ba ta kare ka. Na uku shi ne barin igiya ta koma bayan ƙafa: ka faɗo, ta harɗe ka, ta juya ka kai ƙasa, ƙeya ta nufi bango. Wannan kaɗai ya isa dalilin hular kwano. Ƙara da na mai riƙo: hanya mita 32, igiya mita 60, babu ƙulli a ƙarshenta, ana sauke mutum sai wutsiyar ta sulale ta cikin birki. A ƙulle ƙarshen igiya kowane lokaci, ko da hanyar gajera ce, don hannu ya saba.

Ita ƙusar, ba kai ka dasa ba, amma duba ta aikinka ne. In kunnen ƙusa, inda ake maƙala ƙugiya, yana juyawa, noti ya saki ke nan. Tsatsa mai zubowa a jikin dutse, tsaga kusa da ramin, ko ƙusar da ke motsi in ka girgiza, duk alamun a koma ne. Shafa da Tanuma giranit ne mai tauri, a kan tsaunuka masu tsayin wajen mita 2,000, nesa da gishirin teku, kuma ƙusoshinsu ba su tsufa ba. Kusa da gaɓar Bahar Maliya labarin daban ne: zafi da gishiri na iya tsattsaga ƙarfen da ba ya tsatsa ta ciki, waje yana ƙyalli. An ga haka a bakin tekun Tailan, shi ya sa suka koma ƙusar taitaniyam da ake kafawa da gam. Dutsen yashi irin na Al-Ula da Tabuka kuma yana raunana in ya jiƙe, a bar shi kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa.

Yadda ake koya wa jiki faɗuwa, a zaɓi bango miƙaƙƙe ko mai ɗan rinjayowa, babu dakali a ƙasa, a ƙusa ta biyar ko sama. Da farko ƙusa na saman kai, ka saki ka zauna, sau biyar. Sai mai riƙo ya bar rarar rabin mita, sau biyar. Sai ƙusa daidai ƙugu. Sai daidai gwiwa, sai daidai ƙafa. Kowane karo ka kalli inda za ka sauka, ka fitar da numfashi, gwiwa a lanƙwashe, hannu a buɗe gefe. Kada ka tunkuɗa kanka baya da ƙarfi, don gwargwadon tunkuɗawa gwargwadon dawowar da za ka yi kan bango. Kada ka cafki tagwayen ƙugiya, ƙarfen na iya shiga tafin hannu. Ba a ƙara mataki sai na baya ya daina sa gaba faɗuwa. Masu cewa a rufe ido a yi tsalle ɗaya mai tsawo a huta, ba mu tare da su: wanda ya faɗo a firgice firgicin yake koya. Faɗuwa uku ko huɗu a kowace fita, har wata biyu, ta fi ashirin a rana ɗaya. Bayan an sha faɗuwa a jere, a sauya kan igiya, ɗaya ɓangaren ya huta.

Rabin wannan aiki na mai riƙo ne. In ya tsaya ƙiƙam ko ya zauna baya, mai faɗowa zai daki bango da diddige, kuma daga nan karayar idon sawu ke fitowa. Ana so ya tsaya kusa da bango, ya bar igiyar ta ɗaga shi da ɗan tsalle daidai lokacin da nauyi ya zo, sai fa a ƙusoshi ukun farko inda hana taɓa ƙasa ya fi komai. In mai hawa ya fi mai riƙo nauyi da kilo 10 ko fiye, a nemi na'urar Ohm ta kamfanin Edelrid, wadda ake maƙalawa a ƙusar farko don ƙara gogayya, ko a sauya abokin riƙo.

Batun birki kuwa, tsakanin bututu irin ATC da mai taimakon kamawa irin Grigri, wanda Petzl ya fitar a 1991: ga hawan ƙusa, Grigri muka fi so. In tsakuwa ta bugi mai riƙo, ko biri ya ɗauke masa hankali (biran Hada da Shafa sun ƙware wajen buɗe jaka, a rataye abinci inda ido ke kai), na'urar za ta iya kamawa. Amma ba ta riƙe mutum ita kaɗai. A saka igiya a baibai, ko a danne ta da hannu lokacin ba da igiya, ko a ja mariƙin saukarwa gaba ɗaya a ruɗe, duk ta daina aiki. Hannun birki ba ya barin igiya a kowace iri.

Kayan tsaga

Nan babu ƙusa. Kai ne za ka nemi tsaga, ka zaɓi ƙarfe, ka dasa, na bayanka ya cire. Iri biyu ne suka fi yawa. Weji ɗan ƙarfe ne a kan waya, ana zura shi inda tsaga ta yi faɗi a ja shi ƙasa ya matse inda ta tsuke. Ƙananan ciki kilonyutan 2 zuwa 6 suke ɗauka, manya 10 zuwa 12. Kam kuwa mai kunnuwa huɗu ne da sifirin, ka ja kunama ya tsuke, ka saki ya buɗe ya kama bangon tsaga. Irinsa na farko da ya bazu shi ne na Ray Jardine, a 1978. Matsakaitansa suna ɗaukar 8 zuwa 14.

Lura da yadda ratar ta ragu. Ƙusa 25 ce, bugun da ke zuwa mata 3 zuwa 8. Ƙaramin weji kuwa bugun na iya fin ƙarfinsa. Kuma lambar da ke jikin ƙarfen ta ƙarfen ce kawai, ba ta san dutsen da ka sa shi ba. Kam yana tura kowane gefen tsaga da kusan ninki biyu na jan da aka yi masa. Ja na 5 ya zama turi na 10 kowane ɓangare. In gefe ɗaya ɓawon dutse ne da bai manne da uwarsa ba, ɓallewa zai yi. A ƙwanƙwasa da hannu tukuna: mai ƙarar ganga ba abin dogaro ba ne. Kunnuwan su kasance a tsuke fiye da rabi amma ba ƙarshe ba. Wanda ya buɗe da yawa yana zamewa, wanda aka matse ƙarshe ba ya fitowa, kuɗinka ya zauna a dutse. Sandarsa ta kalli inda ja zai zo. Tsagar da ke buɗewa waje kamar bakin mazurari, ko mai ƙura da ɓurɓushin giranit, ba ta riƙewa. Motsin igiya na sa kam tafiya ciki, yana kuma ɗaga weji daga mazauninsa, don haka ake tsawaita su da majanya mai santimita 60. Ƙarfen farko daga ƙasa ya zama mai jure ja ta sama da ta ƙasa, in ba haka ba igiya ta miƙe ta fizge wejojin ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa kamar ana buɗe zif. A nan bututu na da wani amfani da Grigri ba shi da shi: igiya na ɗan zamewa a cikinsa, bugun da ke isa ƙarfen ya ragu.

Tsoron da ake ji a wannan hanya yawanci gaskiya yake faɗa, don haka ba a kashe shi da atisayen faɗuwa, sai da ilimin dasawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gindin dutse ake farawa: dasa ƙarfe daidai kai, maƙala majanya, taka da ƙafa ɗaya, yi tsalle a kai kana kau da fuska, da hula, don wanda ya fice goshi yake nufa. Bayan dasawa ɗari ko fiye, ido zai fara rarrabe mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Sai a bi gwani a baya ana cire nasa ana lura, sai a yi jan gaba na gwaji da igiyar sama a ɗaure, gwanin ya bi ya ba kowane ƙarfe maki. Faɗuwar farko a kan kam ɗinka ta kasance da ƙusa ko igiyar sama a matsayin madogara.

Ga kuɗi: kam shida zuwa takwas daga faɗin yatsa zuwa dunƙulen hannu, jerin weji goma ko fiye, ƙarfen cirewa da majanyu, sun ninka kuɗin tagwayen ƙugiya sau da yawa. Ga kuma nisa da taimako. Hanyoyin tsaga galibi suna inda waya ba ta kamawa sosai, lambar motar asibiti 997 ba ta amfani in babu sabis.

Wanda ke zaune Makka, Jidda ko Ɗa'if, Shafa na kusa, kuma abin da aka shirya a can hawan ƙusa ne. Igiya, hula da tagwayen ƙugiya su ne sayayyarsa, tare da abokin riƙo guda da za su riƙa atisaye tare. Na Abha da Khamis Mushait, Tanuma ce tasa, kilomita ɗari da 'yan kai arewa da Abha, a lura da hazo da ruwan yamma. Wanda har yanzu zama a ɗamara ke sa shi riƙe igiya da hannu biyu, ya ci gaba da igiyar sama a bangon cikin gida har hannun ya saku. Wanda yake faɗowa daga saman ƙusa yana dariya, kuma ya sami gwanin da zai duba masa dasawa, shi ne lokacin kam ya yi masa. In babu gwanin, a jira.

Kowanne aka zaɓa, zafin ƙasar nan na cin kaya. Kada igiya da ɗamara su kwana a but ɗin mota da rani, balle kusa da batir ko jarkar mai. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin igiya, domin yashin da ta kwasa shi ke zama fayil yana cin karabina. Ramin da ya kai milimita ɗaya a jikin karabina, ko ya yi kaifi in ka shafa da yatsa, ya isa a ajiye ta. Kayan lailon, ko ba a taɓa amfani da su ba, yawancin kamfanoni shekara 10 suka yanka musu, wanda ake hawa da shi kowane mako kuwa ba ya kai rabin haka.